Tambaya: in sai da alherin Allah ake gane Littafi Mai Tsarki, toh ina amfanin ƙoƙarina?

Rahila_M ta rubuta:

Salama a gare ku 'yan'uwa. Dan Allah ina da tambaya, kuma kar wani ya ce min rashin bangaskiya ne, ni dai so nake in gane. Kullum ana faɗa mana cewa mutum ba zai iya fahimtar Maganar Allah da wayonsa ba sai Ruhu Mai Tsarki ya buɗe masa, ana jawo 1 Korintiyawa 2:14 inda Bulus yake cewa mutum mai halin jiki baya karɓar al'amuran Ruhun Allah don wauta ne a wurinsa, ba ma zai iya gane su ba. Toh na ji. Amma abin da yake ɗaure min kai shi ne akwai manyan malamai a jami'o'i da basu gaskata da Yesu ba sam, sun iya Helenanci sun iya Ibrananci, in suka zauna suna warware maka wasiƙar Romawa sai ka riƙe baki, sun fi yawancin mu masu zuwa sujada sanin abin da ke ciki nesa ba kusa ba, toh su wa ya buɗe musu? Kuma in har sai Allah ya buɗe zuciyar mutum kafin ya karɓa, wanda ba a buɗe masa ba mene ne laifinsa?

Ni kaina ina karatu, ina addu'a kafin in fara, amma sau da yawa in na rufe littafin kamar ban karanta komai ba, zuciyata a bushe ƙayau. Shin hakan na nufin ni ban samu wannan alherin ba kenan? Manya ku taimaka.

Dan_Biriya ya rubuta:

'Yar'uwa tambayarki ta yi ma'ana sosai. Ni dai a ganina mun cika ɓuya a bayan wannan maganar ta alheri saboda ƙiwuya kawai. Mutum bai taɓa Baibul ɗinsa ba tun ranar Lahadi, ƙura ta rufe shi, in ka tambaye shi me ya sa bai san komai ba sai ya ce ai ɗan'uwa sai Ruhu ya bayyana. Haba! Ai an ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Ki duba Ayyukan Manzanni 17:11, mutanen Biriya an yaba musu ne don kowace rana suna bin Nassi suna dubawa ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, Bulus fa guda, basu ce tunda manzo ne mu naɗe hannu mu jira wahayi ba.

Waɗanda ma suka fi bani tsoro su ne masu "Ruhu ya nuna mini". Mutum ya tsinko aya ɗaya daga tsakiyar sura, bai karanta ta sama ba bai karanta ta ƙasa ba, ya gina koyarwa a kai, in ka ce masa ba haka wurin yake nufi ba sai ya ce kai mai halin jiki ne shi ya sa baka gani. Da wannan 1 Korintiyawa 2:14 ɗin ake rufe wa mutane baki. Bitrus da kansa ya ce akwai abubuwa masu wuyar fahimta a wasiƙun Bulus da jahilai da marasa kafuwa suke murɗewa su jawo wa kansu hallaka, 2 Bitrus 3:16. Ni matsayina, Allah ya ba mu hankali, ya ba mu Littafin a rubuce, wannan shi ne alherin, sauran aiki namu ne.

Baba_Istifanus ya rubuta:

Salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku 'ya'yana. Rahila 'yata, kar ki ji kunyar tambayar nan, ikilisiya ta daɗe tana fama da ita. Zan ɗan ja magana, ku yi haƙuri da tsoho.

Malaman nan da kika ambata, gaskiyarki, sun gane. Ba ƙarya suke ba, kuma littattafansu suna da amfani, da yawa daga cikin ƙamus da littattafan tarihi da fastoci ke dogara da su ba duka masu bi ne suka rubuta ba. Littafi Mai Tsarki da harshen mutane aka rubuta shi, yana da nahawu, yana da tarihi, duk mai hankali in ya yi ƙoƙari zai gane abin da jimla take cewa. Ba asiri ba ne da sai an raɗa maka a kunne. Amma ki lura da abin da Bulus ya fara faɗa a ayar, ya ce mutumin baya karɓa, kuma ya ba da dalili, wauta ne a wurinsa. Ai ba ka kiran abu wauta sai ka ji abin da ake faɗa. Mutanen Atina sun gane sarai cewa Bulus yana maganar tashin matattu ne, shi ya sa wasunsu suka yi masa ba'a, Ayyukan Manzanni 17:32.

Nassi cike yake da irin waɗannan mutanen. Lokacin da Hirudus ya tara manyan firistoci da malaman Attaura ya tambaye su inda za a haifi Almasihu, basu yi inda-inda ba, nan take suka ce Baitalami, suka jawo masa annabi Mika, Matiyu 2:4 zuwa 6. Amsar daidai take ɗari bisa ɗari. Amma waɗanda muka karanta sun kama hanya suka je suka yi sujada su ne baƙin da suka fito daga gabas, masu amsar kuwa ba mu ji ko ɗayansu ya ɗaga ƙafa ba, alhali garin yana nan kusa da Urushalima. A Markus 12:12 bayan Yesu ya ba da misalin manoman gonar inabi an ce shugabannin sun gane da su yake, toh me suka yi da ganewar? Neman kama shi suka shiga yi. Kai, Shaiɗan ma ya jawo Zabura 91 a jeji, kuma Yakubu 2:19 ya ce aljanu sun gaskata Allah ɗaya ne har suna rawar jiki. Yesu ya faɗa wa masu ilimin zamaninsa a Yahaya 5:39 da 40, kuna ta bin Littattafai kuna tsammanin a ciki za ku sami rai madawwami, su ne kuwa suke shaidata, amma kun ƙi zuwa wurina. Kin ga matsalar ba a ƙwaƙwalwa take ba, a son zuciya take.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Dawuda. Annabi Natan ya zo masa da labarin attajiri mai garkuna da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci, 2 Sama'ila 12. Dawuda ya gane labarin tsaf, ransa ya ɓaci, har ya yanke hukunci ya ce mutumin ya cancanci mutuwa kuma sai ya biya ninki huɗu. Fahimta ba ta wuce haka. Abu ɗaya ne bai gani ba sai da Natan ya ce masa kai ne mutumin. Kamar ma'aikacin ɗakin gwaji ne a asibiti, yana karanta sakamakon jini kullum, ya san ma'anar kowace lamba, ya san wannan ciwo ne mai kisa, yana shan shayinsa hankali kwance, har ranar da ya ɗaga ido ya ga sunansa ne a saman takardar. Ba a ƙara ko harafi ɗaya a takardar ba. Aikin alheri kenan a wurin mai karatu, baya kawo sabuwar ma'ana da babu ita a rubuce, yana sa ka ga da kai ake, kuma ya sa ka so abin da ka gani maimakon ka gudu.

Shi ya sa ɗana Dan_Biriya, rabin maganarka na yarda da ita. Mai cewa Ruhu ya nuna masa abin da ayar bata faɗa ba, wannan ba Ruhu Mai Tsarki ba ne, domin Ruhun da ya hure Nassi ba zai juyo ya ƙaryata kansa ba, kuma an umarce mu mu gwada ruhohi, 1 Yahaya 4:1. Amma jimlarka ta ƙarshe ban yarda da ita ba. Ka tuna almajiran nan biyu a hanyar Imuwasu, Luka 24. Hankali suna da shi, Littattafai sun tashi a cikinsu, sun ji koyarwar Yesu da kunnensu, kuma ga Yesu da kansa yana tafiya tare da su yana fassara musu tun daga Musa har annabawa duka, wane nazarin Baibul ne ya kai wannan? Duk da haka sai da aka buɗe idanunsu a aya 31 kafin suka gane shi. A aya 45 kuma aka ce ya buɗe hankalin sauran almajiran don su fahimci Littattafai, mutanen da suka yi shekaru suna binsa. Lidiya mai sayar da jan alharini a Filibi, mace mai tsoron Allah ce tun farko, tana bakin kogi wurin addu'a, tana sauraro, amma Luka ya ce Ubangiji ne ya buɗe zuciyarta ta mai da hankali ga abin da Bulus ke faɗa, Ayyukan Manzanni 16:14. Bulus ya yi wa'azi, Lidiya ta saurara, Ubangiji ya buɗe, ba wanda aka cire a cikin ukun.

Katikis_Yusufu ya rubuta:

Baba mun gode, Allah ya ƙara girma. Bari in ɗora da ɗan tarihi don Dan_Biriya ya san ba shi ya fara faɗar abin da ya faɗa ba.

Maganar cewa hankali da 'yancin zaɓi da Shari'a da koyarwa su ne alherin, sauran aikin namu ne, kusan ita ce koyarwar Pelajiyus, wani mai tsananin ibada daga Birtaniya da ya zauna a Roma wajen shekara ta 400. Kuma a yi masa adalci, abin da ya dame shi shi ne abin da ya dame ka, ya ga Kiristoci sun sake jiki suna fakewa da rauni. Wanda ya tsaya masa shi ne Agustin bishop na Hippo, a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya. A shekara ta 418 bishop-bishop suka taru a Kartaj, Tunisiya ta yanzu, suka yanke cewa alheri ba wai kawai yana nuna mana abin da ya kamata mu yi ba ne, yana ba mu mu so shi kuma mu iya yinsa. Daga baya wasu suka fito da tsaka-tsaki, suka ce toh mun yarda ana bukatar alheri, amma mutum ne ke fara takowa sannan Allah ya tarye shi, wato dai tashi in taimake ka ɗin nan. Ita ma wannan taron Oranj a kudancin Faransa ya ƙi ta a shekara ta 529, suka ce farkon bangaskiya ma, har marmarin yin addu'ar neman alheri, kyauta ce, kuma ba mai iya amincewa da wa'azin bishara ba tare da hasken Ruhu Mai Tsarki ba. Karin maganar tana da kyau a gona da kasuwa, amma a maganar ceto matacce baya tashi don a taimake shi, Afisawa 2:1 zuwa 5 matattu aka kira mu.

Shi Agustin ɗin ba a takarda ya koyi wannan ba. An haife shi a 354, malamin balaga ne, gwanin magana, mahaifiyarsa Monika Kirista ce. Yana saurayi ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ya karanta ya raina shi, ya ga salon rubutun bai kai na manyan marubutan Latin ba, ya ajiye ya bi wata ƙungiya ta Manikawa kusan shekara 9. A Milan ya fara zuwa sauraron bishop Ambros, da farko ma don ya ji iya maganarsa ne kawai. Sannu a hankali kansa ya gamsu cewa gaskiya ce amma zuciyarsa ta ƙi sakin tsohuwar rayuwa. Sai a 386 a wani lambu ya ji muryar yaro yana ta maimaita ɗauka ka karanta, ya buɗe wasiƙun Bulus idonsa ya faɗa kan Romawa 13:13 da 14, shikenan. An yi masa baftisma a 387. Ilimin da yake da shi da safiyar ranar shi ne dai yake da shi da yamma.

Kuma wannan ba maganar ɗarika ɗaya ba ce. Mu Katolika, takardar taron Batikan na biyu kan wahayin Allah da aka fitar a Nuwamba 1965 ta ce kafin mutum ya ba da gaskiya dole alherin Allah ya riga shi ya kuma taimake shi, Ruhu ya motsa zuciya ya buɗe idon hankali. 'Yan'uwanmu na Furotesta, shaidar bangaskiya ta Westminsta ta 1646 ta ce ana bukatar hasken Ruhu a ciki don fahimta mai kai wa ga ceto. A wurare da yawa mun rabu, a nan kam bakinmu ɗaya.

Dan_Biriya ya rubuta:

Katikis wato yau ka mai da ni Pelajiyus kenan, lallai. Toh na ji tarihin, amma har yanzu ba wanda ya taɓa tambayar 'yar'uwa ta biyu, kuma ita ce mai zafin. In matacce ne ni, kuma sai an tashe ni, wanda ba a tasa ba da wane dalili za a hukunta shi? Yahaya 6:44 ya ce ba mai iya zuwa wurin Yesu sai Uba ya jawo shi. Toh in bai jawo ba fa? Kar ku zagaye min dan Allah.

Malama_Hannatu ta rubuta:

Ɗan'uwa ba zagaye, a nan ne masu bi na gaske suka rabu gida biyu kuma har yau basu haɗu ba, duk wanda ya ce maka ya warware ta a sakin layi ɗaya ka yi hattara da shi.

Ɓangaren Kalbin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta na farko, kuma shi ne abin da taron Dort a ƙasar Holan ya tsayar a 1618 zuwa 1619, sun ce dukanmu mun riga mun ƙi hasken da son ranmu, ba wanda yake bin Allah bashin alheri, in da bashi ne ai ba alheri ba ne, wanda aka buɗe wa ya samu jinƙai, wanda aka bari an bar shi ne a kan abin da shi kansa ya zaɓa. Suna tsayawa a kan Romawa 9. Ɓangaren Arminiyus, malamin tauhidi na Holan, da daga baya Jon Wesli, jagoran Metodis, sun ce alherin da ke rigayar mutum yana zuwa wa kowa, yana ba shi ikon amsawa, amma mutum yana iya ƙi, suna nuna Ayyukan Manzanni 7:51 inda Istifanus ya ce kullum kuna tsayayya da Ruhu Mai Tsarki, da kukan Yesu a kan Urushalima a Matiyu 23:37, sau nawa na so in tattara 'ya'yanki amma kun ƙi. Ni a nan na fi karkata, ba zan ɓoye ba, don in ba a iya tsayayya da shi toh da me Istifanus yake zarginsu? Amma na san 'yan'uwa masu tsoron Allah da suka fi ni ilimi suna ɗaya ɓangaren.

Abin lura shi ne duka biyun ba wanda ya ce mutum zai iya shi kaɗai, kuma duka biyun ba wanda ya ce akwai mai neman Yesu da gaske da za a kora. Surar da ka jawo ɗin ma, ka hau sama kaɗan zuwa aya 37, wanda ya zo gare ni ba zan kore shi ba ko kaɗan. Taron Oranj da Katikis ya ambata shi ma ya ƙi yarda cewa Allah ya ƙaddara wa wani aikata mugunta. A Nassi duk inda mutum ya ga haske Allah ake gode wa, duk inda ya ƙi gani shi ake tuhuma, yadda biyun suke haɗuwa a wurin Allah ni ban isa in zana maka ba, Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce akwai asirai da na Ubangiji ne.

Amma ina so in koma kan tsoronka na farko na ƙiwuya, don yana da tushe. Alheri yana da hanyoyin da yake bi, kuma yawanci ta hannun mutane yake zuwa. Mutumin nan na Habasha ma'ajin sarauniya, Ayyukan Manzanni 8, yana cikin karusa yana karanta Ishaya 53 da ƙarfi, Ruhu bai raɗa masa ma'anar a kunne ba, Filibus ya tura. Filibus ya ce kana fahimtar abin da kake karantawa kuwa? Babban mutum guda bai ji nauyi ba ya ce ina zan iya in ba wani ya fassara mini ba, ya ce masa hau ka zauna. Matambayi baya ɓata. Karniliyas mala'ika ya gani ido da ido amma aka ce ya aika a kira Bitrus. Shawulu, wato Bulus, Yesu da kansa ya yi masa magana a hanyar Dimashƙu amma aka tura masa Hananiya. Afolos gwani ne a Littattafai amma Bilkisu da Akila suka ja shi gefe suka ƙara masa bayani. Agustin ɗin nan da ya fi kowa ɗaga maganar alheri, shi ne kuma ya yi amfani da irin waɗannan misalan ya ƙaryata masu cewa tunda suna da Ruhu basa bukatar malami ko ƙa'idar fassara. A zamanin Nehemiya ma da aka karanta Shari'a a gaban jama'a Lawiyawa suna bi suna bayyana ma'ana don mutane su gane, Nehemiya 8:8. Ayar da nake ganin ta haɗa ku kai da Baba ita ce 2 Timoti 2:7, ka yi tunani a kan abin da nake faɗa, Ubangiji kuwa zai ba ka fahimta. Bai ce ka bar tunani tunda Ubangiji zai bayar ba, bai kuma ce ka yi tunani ya isa ba.

Wesli ma misali ne. Malami ne a Oksfod, yana karanta Sabon Alkawari da Helenanci, limamin coci ne da aka naɗa, har Jojiya a Amurka ya je aikin mishan ya dawo da karyayyar zuciya. Ranar 24 ga Mayu 1738 ya je wani taro a Landan ba ma da son ransa ba, wani yana karanta gabatarwar da Martin Luta, jagoran Furotesta, ya rubuta wa wasiƙar Romawa, a nan ya ce ya ji zuciyarsa ta ɗumama ya tabbata Almasihu ya ɗauke zunubansa, nasa shi kansa. Ba abin da aka karanta a wurin da bai sani ba. Amma fa yana wurin da ake karantawa, bai kwanta a ɗaki yana jira ba.

Mama_Lami ta rubuta:

Ni ban yi makarantar Baibul ba, manyan sunayen nan da kuke kira ban san su ba, amma naga duk kun tafi muhawara kun bar yarinya da abin da ya fi damunta. Rahila 'yata, wanda bashi da alheri baya kwana da damuwar cewa zuciyarsa a bushe take, ko a jikinsa. Wannan ƙishin da kike ji wa ya sa miki shi? Wanda ya rubuta Zabura 119, aya 176 ya jero yana yabon Maganar Allah, amma shi ne a aya 18 yake roƙo a buɗe masa ido ya ga abubuwan banmamaki a cikin Shari'a, a aya 25 kuma yana cewa ransa ya manne da ƙura. Mutumin Allah ne fa. Bulus ma masu bi yake yi wa addu'a a Afisawa 1:17 da 18 cewa a haskaka idon zuciyarsu, ba arna ba, mutanen da suka riga suka tuba. Wato ba abin da ake samu sau ɗaya a rufe ba ne, kullum sai an roƙa.

Kuma kar ki auna da hawaye ko tsikar jiki. Wani lokacin sai ki karanta da safe kiji ba komai, da rana wani ya ɓata miki rai kin buɗe baki za ki rama sai ayar ta faɗo miki ki yi shiru, toh wannan mene ne in ba aikin Ruhu ba? Makahon nan na Betsaida a Markus 8 da Yesu ya taɓa shi da farko mutane ya gani kamar itatuwa suna yawo, sai da aka sake taɓa shi ya gani sarai, kuma Yesu bai yi masa faɗa ba. Abu ɗaya zan ce ki duba, in akwai abin da kin riga kin gane sarai amma kin ƙi yi, ko wani da kika ƙi yafe wa, sau da yawa nan ne ƙofar take toshewa, Yahaya 7:17 ya ce mai son aikata nufin Allah shi zai san koyarwar. In kin duba babu, ki ci gaba da karatunki kawai.

Rahila_M ta rubuta:

Baba, Mama, Malama, Katikis, na gode ƙwarai Allah ya saka. Maganar Dawuda da Natan ta shige ni, don ni yawanci in ina karatu wasu nake tunawa, in ce wannan ayar da wance take. Tambaya ta biyu kam gaskiya har yanzu ina tare da Dan_Biriya, ban gamsu duka ba. Wani abu kuma, na fara daga Farawa na zo na maƙale a Littafin Firistoci, in daure in ci gaba ne ko in tsallake?

Dan_Biriya ya rubuta:

Yauwa ashe ba ni kaɗai ba ne. Malama 2 Timoti 2:7 ɗin na karɓa, amma Romawa 9 sai mun zauna a kanta daban, daga aya 14 zuwa 24 musamman, don ɓangarenki ma sai ya amsa maganar maginin tukwane da Bulus ya kawo a wurin.

Baba_Istifanus ya rubuta:

'Yata ki sa alama a inda kika tsaya ki koma Markus, sura 16 ne kacal kuma labari ne mai tafiya da sauri. In kin gama ki karanta Ibraniyawa, musamman sura 8 zuwa 10, sannan ki dawo Littafin Firistoci, a lokacin za ki ga inda hadayun nan da ranar kafara ta sura 16 suka dosa. Kuma ki nemi wata babba a ikilisiyarku ku riƙa karantawa tare ko sau ɗaya a mako, inda kika maƙale ki tambaye ta, inda ita ma ta maƙale ku kai wa fasto.